Kare a Kan Teburin Tiyata: Daga Dajin Fassi Zuwa Asibitin Dabbobi

Gabatarwa

Idan kaka ta wuce, an kai gero da dawa rumbu, ciyawa ta bushe, sai kakar farauta ta kama a ƙasar Rano da Kibiya. Duk wanda ya taɓa kwana a Fassi ko ƙauyukan da ke kewaye da ita a irin wannan lokaci ya san fitar mafarauta da sassafe, da gora a kafaɗa, karnuka na gaba suna shinshina ƙasa. Ya kuma san yadda ake dawowa. Wani kare yakan dawo da zomo ko gafiya, wani kuwa yakan dawo yana jan ƙafa, ko a saɓe a wuyan ubangidansa, saboda ya faɗo daga kan dutse, ko tarko ya kama shi, ko babur ya buge shi a kan hanya.

A nan ne mai kare yake tsayawa ya yi shawara da zuciyarsa. Ko ya bar shi a gindin bishiya ya ga abin da Allah zai yi, ko ya nemi maɗori ya ɗaura masa kara, ko kuma ya haƙura da shi gaba ɗaya. Mutane da yawa ba su san akwai hanya ta huɗu ba, wato a kai shi wurin likitan dabbobi a sa shi barci, a buɗe wurin, a gyara ƙashin da ƙarfe, a ɗinke, bayan 'yan watanni ya koma daji da ƙafafunsa huɗu. Wannan maƙala za ta bi da mai karatu cikin ɗakin tiyatar karnuka da kyanwoyi, domin ya ga abin da ake yi, da dalilin yin sa, da kuma abin da ya wajaba mai dabba ya yi, ko ya guje wa yi, kafin ya isa asibiti.

Don me za a wahala a kan kare?

Wannan tambaya ce da ɗalibi zai iya yi wa malaminsa, kuma ta cancanci amsa. Bahaushe bai ɗauki kare da daraja ba, sunansa ma zagi ne a bakin mutane. Amma mafarauci ya san tsawon lokacin da ya ɓata kafin ya horar da kwikwiyo ya zama karen da ke bin sawu, ya san kuma abin da zai rasa idan ya mutu. Makiyayi ya san wanda ke farkar da shi idan ɓarawo ya doso garke da dare. Uwargida ta san bambancin ɗakin ajiyar da kyanwa ke shiga da wanda ɓeraye suka mayar gidansu. Addinin Musulunci ya yarda da ajiye kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, ya kuma yi horo da tausaya wa duk mai rai.

Akwai wani dalili na biyu. Ilimin tiyatar ɗan Adam kansa yana ɗauke da bashin kare. A shekarar 1665 wani likita a Ingila mai suna Richard Lower ya ɗebi jinin wani kare ya ƙara wa wani, wannan kuwa shi ne ƙarin jini na farko da aka tabbatar ya yi nasara tsakanin dabba da dabba. A 1921, a Toronto ta ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best sun yi amfani da karnuka wajen gano insulin, maganin da masu ciwon sukari ke rayuwa da shi har yau. A 1944, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, an yi tiyatar farko ta ceton jariran da ake haifa da nakasar zuciya mai hana jininsu samun isasshiyar iska. Vivien Thomas, baƙar fata wanda ba a ba shi damar zama likita ba, shi ne ya ƙware a wannan aiki a jikin karnuka kafin Alfred Blalock ya yi shi a jikin yarinya. Saboda haka idan aka yi wa kare tiyata a yau, ana mayar masa da kaɗan ne daga abin da aka karɓa a wurinsa.

Ginshiƙai uku na tiyata

Tun zamanin da, mutane sun san yanka da ɗinki. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana kayan fiɗa masu yawa a littafinsa At-Tasrif, ya kuma yi amfani da zaren hanjin dabba wajen ɗinkin cikin jiki, domin jiki yana narkar da shi da kansa. Abin dariya shi ne sunan da Turawa ke kiran wannan zare yana nufin hanjin kyanwa, alhali daga hanjin tumaki da awaki ake yin sa. Makarantar koyon likitancin dabbobi ta farko kuwa Claude Bourgelat ne ya kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1761.

Duk da haka tiyata ba ta zama abin dogaro ba sai da aka sami abubuwa uku. Na farko shi ne maganin sa barci, wanda William Morton ya nuna amfaninsa a bainar jama'a a Boston ranar 16 ga Oktoba, 1846. Na biyu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta a wurin rauni, wanda Joseph Lister ya bayyana a 1867. Na uku shi ne hoton da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895. Duk tiyatar da za mu bayyana a ƙasa a kan waɗannan ginshiƙai take tsaye, kuma rashinsu ne ya sa yankan da ake yi wa dabba a tsakar gida da reza ya sha bamban da aikin likita.

Kafin a ɗauki wuƙa

Mu ɗauka an kawo karen farauta mai nauyin kilo 15 wanda mota ta buge, cinyarsa ta karye. Mai shi yana duban ƙafar, amma likita ba da ita zai fara ba, domin karaya ba kasafai take kisa nan take ba. Abin da ke kisa shi ne zubar jini a cikin ciki, ko fashewar mafitsara, ko raunin huhu. Likita zai ɗaga leɓen kare ya dubi dasashi. Idan ja ne mai haske, alama ce mai kyau, idan kuwa ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa. Zai saurari zuciya da huhu, ya auna zafin jiki, wanda a lafiyayyen kare ko kyanwa yake tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, wato ya ɗara na mutum.

Lissafin jini yana da muhimmanci ƙwarai. Kare yana da kimanin mililita 80 zuwa 90 na jini a kowane kilo na nauyinsa, saboda haka karen namu bai fi lita ɗaya da 'yan kai ba. Kyanwa kuwa tana da kimanin mililita 60 a kowane kilo. Wadda ta kai kilo 3 duk jininta bai cika mililita 200 ba, kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo ke nan. Abin da mutum zai zubar bai ji komai ba, ita ajalinta ne.

A ƙasarmu akwai ƙarin matsala, wato kaska. Tana sa wa kare cututtuka biyu da likitocinmu suka saba gani. Ɗaya tana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ɗayar kuma tana rage ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni. Idan aka yanka kare mai ɗauke da ta biyun ba tare da an sani ba, jini zai yi ta tsiyaya ya ƙi tsayawa. Shi ya sa ake ɗiban jini a duba a madubin ƙara girma kafin a shiga aiki. Idan tiyatar ba ta gaggawa ba ce, akan hana dabba abinci na wasu sa'o'i, domin kada ta yi amai tana barci aman ya shiga huhu.

Barcin da ba na gajiya ba

Mutum ana iya lallashinsa ya kwanta, dabba kuwa ba ta san ana nufinta da alheri ba. Don haka kusan kowace tiyatar kare da kyanwa sai an gusar da hankalinsu gaba ɗaya. Akan bi matakai uku. Da farko a yi allurar kwantar da hankali da kashe zafi. Sannan a ba da maganin barci ta jijiya. Ketamin da zailazin, waɗanda aka haɗa su duka biyu a 1962, suna cikin waɗanda aka fi amfani da su a asibitocinmu. Bayan haka, inda akwai kayan aiki, sai a zura bututu a maƙogwaro a haɗa shi da na'urar da ke ba da iskar oksijin gauraye da tururin maganin barci, wanda ake iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon bukata.

Kowane magani da nauyin dabba ake auna shi, kuma tazarar da ke tsakanin barci da mutuwa ba ta da faɗi. Dole a sami mutum guda wanda ba shi da aiki sai lura da numfashi da bugun zuciya da launin dasashi da ɗumin jiki. Ƙaramar dabba tana saurin yin sanyi idan aka buɗe cikinta, ko da a watan zafi ne.

Tsabta ita ce ta biyun barci. Akan aske gashi da faɗi, a wanke fata da aidin, a lulluɓe dabbar da ƙyallaye masu tsabta a bar wurin aiki kawai. Almakashi da hantsaki da allurai ana dafa su a tukunyar tururi mai matsi a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, domin ruwan da ya tafasa a digiri 100 ba ya kashe wasu ƙwayoyin cuta masu sulke.

Ɗorin ƙarfe

Domin mu gane aikin likita, sai mu fara sanin yadda ƙashi ke warkewa. Ƙashi abu ne mai rai, yana da jijiyoyin jini da ɓargo. Idan ya karye, jini yakan taru ya daskare a tsakanin guntayen. Cikin 'yan makonni wannan gudan jini yakan rikiɗe ya zama guringuntsi, sannan jiki ya zuba masa sinadarin kalsiyam ya taurare, daga baya kuma ya sassaƙe shi har ya koma siffarsa. Jiki ne ke yin wannan aiki duka. Abin da yake nema daga waje abu biyu ne: guntayen su daidaita, kuma su daina motsi.

Maɗorin gargajiya ya san wannan, kuma a kan wannan ka'ida yake ɗaura kara. Likita ma yakan yi amfani da filasta ko kara idan karayar tana ƙasa da gwiwa, ba ta goce ba, fata kuma ba ta huje ba. Amma ka'idar ɗori ita ce a hana gaɓar da ke sama da wadda ke ƙasa da karaya motsi. A cinyar kare wannan ba ya yiwuwa, domin ba a iya ɗaure kwatangwalo, ga kuma tsoka mai kauri da ke jan guntayen su hau juna. Mutum za a ce masa ya kwanta ya kwanta, kare kuwa zai tashi ya ciji ɗaurin. Idan aka matse domin kada ya zame, jini ya daina gudana, ƙafa ta kumbura ta ruɓe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka ake kai ɗorin cikin jiki. Hanya ta farko ita ce a zura sandar ƙarfe marar tsatsa a cikin ramin ɓargo, ta ratsa guntayen biyu kamar yadda tsinke ke ratsa tsire. Likitan Jamus Gerhard Küntscher ya fara yi wa mutane irin wannan a 1939. Sanda tana hana ƙashi lanƙwasa, amma ba ta hana shi juyawa, don haka akan ƙara mata waya ko wani tallafi. Hanya ta biyu ita ce a shimfiɗa farantin ƙarfe mai huji a jikin ƙashi a ɗaure shi da kusoshi masu murɗi. Wata ƙungiyar likitoci da aka kafa a Suwizalan a 1958 ita ta inganta wannan fasaha, aka kuma buɗe reshenta na dabbobi a 1969. Hanya ta uku ita ce a soka ƙananan ƙarafa ta fata su ratsa ƙashi sama da ƙasan karaya, a haɗa su da sanda a waje. Wannan ta fi dacewa da karayar da ƙashi ya fito fili, irin ta tarko ko harbi, domin ana iya wanke raunin kullum. Wani likitan dabbobi na Amurka, Otto Stader, ya ƙera irin wannan na'ura domin karnuka a shekarun 1930, daga baya sojojin ruwan ƙasar suka yi amfani da ita a kan mutane a Yaƙin Duniya na Biyu.

Kwikwiyo yakan warke cikin mako huɗu zuwa shida, babban kare kuwa yakan kai mako takwas zuwa goma sha biyu. Idan ƙashin cinya ya fita daga gurbinsa a kwatangwalo ya ƙi komawa, a kyanwa ko ƙaramin kare akan yanke kan ƙashin a cire. Jiki sai ya gina wata gaɓa ta tsoka da jijiya a wurin, dabbar ta koma tafiya ba tare da zafi ba. Inda ƙafa ta riga ta mutu, yanke ta shi ne jinƙai. Kare mai ƙafa uku yana gudu, musamman idan ta baya ce aka cire, domin kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake.

Idan aka buɗe ciki

Kare ba ya tauna, haɗiya yake yi. Ƙwallon mangwaro da totuwar masara da guntun ƙashi da leda duk sukan wuce tumbi su toshe hanji. Alamominsa su ne amai a kai a kai, da ƙin abinci, da ramewa cikin 'yan kwanaki. Likita yakan buɗe ciki ta tsakiya, ya bi hanji da yatsunsa har ya sami wurin, ya tsaga ya fitar da abin. Idan wani sashe ya yi baƙi, jini ya daina zuwa masa, sai a yanke shi a haɗa bakunan biyu masu rai da ɗinki, a zuba ruwan gishiri mai tsabta a ciki a gwada ko yana yoyo. Kwana na uku zuwa na biyar su ne masu haɗari, domin a lokacin ne ɗinkin hanji ya fi rauni.

Kyanwa kuwa zare ne abokin gabarta. Tana wasa da zaren ɗinki ko na saƙar hula, ya naɗe a gindin harshe, sauran ya wuce ciki. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, sai ya tattare a jikinsa kamar bakin wando a jikin mazagi, zaren kuma ya riƙa yanka shi. Duk wanda ya ga zare ya leƙo daga bakin kyanwa ko duburarta, kada ya ja. Ja shi ne zai ƙarasa yankan.

Akwai wani tantani mai tsoka da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi ake jan numfashi. Bugun mota yakan yaga shi, hanta da hanji su kutsa cikin ƙirji su danne huhu. Dabbar za ta riƙa haki, ta ƙi kwanciya. Gyaran wannan yana cikin ayyuka masu wuya, domin da zarar an buɗe ciki iska za ta shiga ƙirji huhu ya saki. Dole wani ya riƙa matsa jakar iska yana yi wa dabbar numfashi har a mayar da kayan ciki wurinsu a ɗinke tantanin.

Karya da kyanwa duka suna ɗaukar ciki na kimanin kwana 63. Idan uwa ta yi rabin sa'a tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko koren ruwa ya zubo kafin ɗan farko, lokacin jira ya ƙare, sai a fitar da 'ya'yan ta hanyar tiyata. Wata cutar kuma takan kama karyar da ta manyanta makonni kaɗan bayan lokacin neman barbara: mahaifa ta cika da mugunya, karya ta riƙa shan ruwa da yawa, ta yi laushi. Maganinta shi ne cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa gaba ɗaya. Irin wannan tiyata ce ake yi wa lafiyayyar dabba domin hana ta haihuwa, kuma tana rage yawan 'yan kwikwiyon da ake zubarwa a bola su girma ba mai su.

Muzuru yana da tasa matsalar. Hanyar fitsarinsa siririya ce ƙwarai a ƙarshenta, tsakuwa ko majina kaɗan ta isa ta toshe ta. Za a gan shi yana tsugunawa yana kuka, fitsari ba ya fita. Dafin da ƙoda ya kamata ta fitar sai ya taru a jini, cikin kwana biyu ko uku zuciya ta tsaya. Likita yakan zura siririn bututu ya buɗe hanyar. Idan toshewar ta yi ta dawowa, sai a yanke siririn sashen a buɗe sabuwar ƙofa a inda hanyar ta fi faɗi.

Inda wuƙa ba ita ce magani ba

Gwanin likita shi ne wanda ya san lokacin da zai ajiye wuƙa. Akwai wani ƙari mai jini-jini da ke fitowa a al'aurar karnukan da ke yawo sakaka, kuma ya yawaita a ƙasashe masu zafi har da Nijeriya. Abin mamaki game da shi shi ne ƙwayoyin ƙarin kansu ne ke tsallakawa daga kare zuwa kare wajen barbara. Wani likitan dabbobi ɗan Rasha mai suna Novinsky ya nuna haka a 1876, binciken zamani kuma ya gano cewa duk ƙarin da ke jikin karnukan duniya a yau ya samo asali ne daga kare guda da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Idan aka yanke shi yakan dawo. Allurar binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako na makonni huɗu zuwa shida, takan narkar da shi a mafi yawan lokuta.

Gargaɗi ga mai dabba

Rabin nasarar tiyata a hannun mai dabba take. Idan kare ya ji rauni, a fara ɗaure bakinsa da tsumma mai laushi, in dai ba amai yake yi ko numfashi ke yi masa wuya ba, domin zafi yakan sa ya ciji ubangidansa. A danne wurin da ke zubar da jini da ƙyalle mai tsabta. Idan hanji ya fito, a rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da dafaffen ruwan da ya huce, kada a tura shi ciki. A ɗora dabbar a kan katako ko buhu, kyanwa kuma a sa ta a kwali mai huji. Kada a zuba baƙin mai ko kananzir ko toka a rauni, domin suna ƙona naman da zai warke.

Kada kuma a ba dabba maganin mutane. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa, saboda hantarta ba ta da isasshen sinadarin da ke warware shi, sai ya lalata jininta ya kasa ɗaukar iska. Ibuprofen da dangoginsa sukan huda tumbin kare su lalata ƙodarsa.

Gargaɗi mafi girma shi ne wannan. Wani lokaci za a ga kare bakinsa a sake, yawu na dalala, ya kasa haɗiya, sai mai shi ya ce ƙashi ne ya maƙale, ya zura hannu zai ciro. Wannan na iya zama ciwon haukan kare, domin ba kowane mahaukacin kare ke cizo da gudu ba, wani shanyewa yake yi shiru. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, kuma ƙaramin ƙwarzane a yatsa ya ishe ta shiga. An ƙiyasta cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allurar riga-kafi, wadda Louis Pasteur ya fara gwada irinta a 1885. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki riga-kafi, cutar takan daina yaɗuwa. Ƙungiyoyin mafarauta, da yake suna da shugabanni kuma karnukansu sanannu ne, su ne suka fi kowa damar cika wannan adadi a ƙauyukanmu.

Bayan tiyata, a ajiye dabba a wuri mai tsabta da inuwa, a hana ta lasar ɗinki ta hanyar sa mata abin wuya mai kama da mazurari, a kare raunin daga ƙuda, a kammala maganin da aka rubuta. Zaren fata akan cire shi bayan kwana 10 zuwa 14. Karen da aka sa wa ƙarfe zai fara taka ƙafa tun ƙashi bai haɗe ba, kuma a nan mafarauta da yawa ke yin asara, domin sun ga yana tafiya sai su fita da shi, ƙarfen ya lanƙwashe.

Ina ake samun wannan aiki?

Mutumin Fassi zai fara ne da ma'aikacin lafiyar dabbobi mafi kusa da shi, wanda zai iya tsayar da jini, ya wanke rauni, ya kuma faɗa masa ko sai an wuce gaba. A birnin Kano akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu. Ayyuka masu wuya irin na ƙashi da ƙirji akan tura su asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda tsangayarta ta likitancin dabbobi ta fara aiki tun tsakiyar shekarun 1960, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta kafu a can tun 1924, tana yin alluran riga-kafin dabbobi, har da ta haukan kare.

Gaskiya ne nisa da kuɗin mota da kuɗin aiki sukan fi ƙarfin talaka, kuma ba kowane kare ne zai kai Zariya ba. Amma jinkiri yana ƙara tsada. Karayar da aka kawo a kwana biyu ta fi sauƙin gyara a kan wadda ta yi wata guda a cikin kara, kuma kuɗin riga-kafi da maganin kaska bai kai kaɗan daga kuɗin tiyata ba.

Kammalawa

Ɗalibin sakandare da ke Rano ko Kibiya zai lura cewa babu wani abu a wannan maƙala da ya fita daga darussansa. Lissafin magani da nauyi lissafi ne, matsin iska a ƙirji da ƙarfin farantin ƙarfe fizik ne, aikin hantar kyanwa kimiyyar sinadarai ce, warkewar ƙashi kuma ilimin halittu ne. Waɗannan darussa uku na kimiyya tare da Turanci su ake nema a jarrabawar shiga jami'a, karatun kuma shekara shida ne, sannan Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi wa mutum rajista. Hannun da ya koyi ɗinke hanjin kare shi ne zai fitar da ɗan maraƙi daga cikin saniyar da haihuwa ta gagara, ya kuma ciro leda daga tumbin tunkiya. Malami zai iya fara wannan tafiya da abu mai sauƙi: ya kawo ƙashin cinyar akuya aji, a tsaga shi a ga ramin ɓargo, sannan ya tambayi ɗalibai ta ina za su zura sanda, kuma me zai hana guntayen juyawa. Wataƙila a cikin masu ɗaga hannu akwai wanda wata rana mafarautan Fassi za su kai wa karensu ba sai sun je Zariya ba.